Idon Saja Ishaya

Shagon ɗinkin Mode yana bakin hanya a Rikoto, ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gabansa. Keken ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya ya daɗe da mutuwa har ya zama wurin ɗora yadi. A bango kuma akwai talabijin, wadda faifan sola guda yake riƙe da ita ko da an ɗauke wuta. Saboda ita, duk ranar Asabar bayan la'asar rumfar takan cika maƙil. 'Yan kabu-kabu su jingine baburansu, masu dawowa daga gona su ajiye fartanya, mata su tsaya daga gefe da kaya a ka, kowa ya zo kallon wasan kwaikwayon da ake nunawa mako-mako. Wasan yana da sunansa, amma a Rikoto ba wanda ya damu da shi. Wasan maigadi kawai ake cewa, domin tauraronsa wani tsohon soja ne, Kofur Labaran, mai gadin gidan wani attajiri, mutumin da ko allura ya tsinta a bakin ƙofa sai ya nemi mai ita.

Mutum ɗaya ne ba ya zuwa ranar Asabar, kuma shi ya fi kowa son wasan. Saja Ishaya ke nan. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, har Laberiya ya je. Da ya ajiye kaki ya ƙara sha ɗaya yana gadi a Kaduna, sannan idanunsa suka fara dushewa ya dawo gida. Yanzu shekara huɗu ke nan ba ya bambance rana da inuwa sai da fatar jikinsa. Hayaniyar Asabar tana hana shi jin maganar 'yan wasa, don haka ya zaɓi maimaicin da ake yi ranar Litinin da hantsi, lokacin da kowa ya kama gabansa. Matarsa Hannah takan rako shi har bakin shago ta wuce kasuwa, shi kuma ya lalubi kujerarsa ta roba, ya jingine sanda, ya ce, “Tela, a buɗe ido.”

Idon kuwa Mode ne. Yakan ɗauke ƙafa daga kan keke, ya matso da bencinsa, ya riƙa faɗin abin da kunne ba ya kamawa. Da farko aikin ya ba shi wahala, don Saja ba ya karɓar magana a dunƙule. In Mode ya ce mutum ya shigo, sai Saja ya ce, “Ta wace ƙofa? Ina ya ajiye hannunsa? Ya kalli mai gidan ko ya kalli ƙasa?” In Kofur Labaran ne ya fito, tambayar farko ita ce ko takalminsa a goge yake. A hankali Mode ya gane cewa shekara hamsin ya yi yana kallon duniya kamar akuya a bakin kasuwa, yana gani ba ya lura. Makaho ne ya koya masa kallo. Shi ma Saja yana da tasa gudunmawa. Yakan karkata kai ya ce, “Wannan mata ƙarya take yi, ji yadda ta haɗiye yawu kafin ta amsa.” Sai bayan mako uku a gano lalle ƙaryar take yi. Mode bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk mako ba abin da yake jira kamar wannan sa'a guda ta Litinin.

Unguwa kuma ta yi wa Saja wata doka da ba wanda ya rubuta. Daga yammacin Asabar zuwa azahar ɗin Litinin, ba mai buɗe baki ya yi zancen wasan a gabansa. Ko a coci ranar Lahadi, in aka gan shi tafe sai a sauya magana. Bayan ya saurari nasa, sai ya fito gindin mangwaron da ke gaban shagon ya zauna, mutane su kewaye shi, ya yanke hukuncin wane ne mai gaskiya a wasan, wane ne munafuki. Ana gardama, ana dariya, amma maganarsa ce ta ƙarshe.

Abin ya faru ne a makon da Saja ya dawo daga asibitin ido. Ɗansa Joel, wanda shi ma soja ne, shi ya matsa aka kai shi can birni, bisa fatan yanar ido ce kawai ta rufe masa gani, a kankare ta ya gani. Likita ya duba ya ce ba yana ba ce, jijiyar ce ta mutu, kuma ba ta tashi. Ranar Juma'a Mode ya je yi masa sannu da hanya, ya tarar da shi yana dariya fiye da yadda ya saba, irin dariyar da ba ta sauka ciki.

“Ba komai, Tela,” in ji Saja. “Hannah tana nan. Litinin tana nan. Ga kuma Kofur Labaran yana riƙe mana mutunci. Ka san sau nawa aka nuna tsohon soja a talabijin ba mashayi ba, ba mahaukaci ba? Shi kaɗai ne.”

Washegari Asabar aka nuna kashi na talatin da ɗaya. Attajirin nan yana kan gargara ya kira maigadinsa, ya danƙa masa takarda a manne, ya ce kada ya ba kowa sai 'yarsa, hannu da hannu. Kofur Labaran ya sara masa. Rumfar Mode ta yi tsit, kowa yana jin daɗin an sa amana inda ta dace. Sai aka nuna Kofur ya shiga ɗakin gadinsa ya tura ƙofa. Ya ɓare takardar ya karanta, ya ɗaga butar shayi, ya tura ta cikin garwashi. Ba a yi magana ko ɗaya ba, sarewa kawai ke tashi.

Rumfa ta fashe. Wani ya cire silifa ya wurga wa talabijin, Allah ya taimaka bango ya samu. Magdalene mai ƙosai ta dafe ƙirji tana cewa, “Wayyo ni, mutumin da na sa a addu'a!” Wani yana Allah ya isa, wani yana rantsuwa ba zai sake kallo ba, alhali kowa ya san shi zai riga kowa zuwa mako mai zuwa. Daga can baya wani dattijo ya ce, “Ai soja soja ne, ko ya tsufa.” Wannan maganar ce ta fi damun Mode.

Kwana biyu ya yi yana juya abin. Yana yanka yadi yana tunani, har ya yanka hannun riga biyu na ɓangare ɗaya. Ya ce wa kansa wasa ne, ba wanda ya mutu, ba takardar da ta ƙone sai ta 'yan fim. Ya sake cewa, to in wasa ne, me ya sa mutum ya rataya sauran farin cikinsa a kai? Ya tuna ana cewa wanda ya je gaida mara lafiya ya faɗa masa mai daɗi. Ya kuma tuna cewa shi ba gaisuwa aka ɗauke shi yi ba, ido aka ɗauke shi. Da safiyar Litinin ya tsai da shawara zai faɗi gaskiya, a hankali, yadda ake cire ƙaya.

Saja ya zo a kan lokaci, sanye da rigar da Mode ya ɗinka masa ta Kirsimeti. Aka fara. Attajiri ya ba da takarda, Saja ya gyara zama ya ce, “Yauwa. Ya san wanda ya ba.” Aka ji ƙarar ƙofa, sarewa ta fara.

“Kiɗa ya sauya,” in ji Saja. “Me yake yi?”

Mode ya dubi fuskarsa. Idanun a buɗe suke, suna fuskantar bango ɗan nesa da inda talabijin take, bakin kuma ya riga ya fara murmushi, yana jiran abin alfahari. A nan shawarar kwana biyu ta narke.

“Yana hura gawayi,” in ji Mode. “Shayi zai dahwa.”

“Takardar fa?”

“Ya sa ta aljihu.”

“Wane aljihu?”

Mode ya ji gumi ya karyo masa. “Na hagu. Na ƙirji.”

Saja ya buga cinya. “Ka gani! Kusa da zuciya. Haka aka koya mana, abin da aka ba ka amana nan yake kwana. Wanda ya rubuta wasan nan ya san soja.”

A allon talabijin kuwa takarda tana nannaɗewa tana baƙi.

Kafin Saja ya fito gindin mangwaro, Mode ya ce zai je sayen zare, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Ya bi mai faci, ya bi mai shayi, ya bi 'yan kabu-kabun da ke tsayawa a mahaɗa. Magdalene ta saurare shi tana juya ƙosai, ta ce, “Tela, har yaushe?”

“Mako guda. Ƙila masu wasan su juya ta, a ce mafarki ne, ko a ce wata takarda ce daban.”

“In ba su juya ba fa?”

Ta girgiza kai, amma ta yarda, don kowa ya ji labarin asibiti.

Haka Saja ya zauna ranar yana yabon Kofur Labaran, mutane suna kallon ƙasa suna cewa haka ne. Ba wanda ya yi masa gardama, shi kuma ya saba da gardama. Sau biyu yana tsayawa ya ce, “Yau me ya same ku? An yi rasuwa ne?” Mode yana cikin shago yana taka keke da ƙarfi don kada ya ji.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasu bai kai Alhamis ba. Ranar Laraba da yamma wani ɗan kabu-kabu daga Wasagu, Arzika, ya kawo fasinja gari, ya tsaya a ɗinke masa wandon da ƙarfen babur ya yage. Yana jira a gindin mangwaro ya ji Saja yana ba wasu labarin aljihun hagu. Arzika mutum ne mai baki, kuma ba wanda ya gaya masa dokar Rikoto. Ya tuntsire da dariya.

“Baba, wane Labaran? Wanga maci amana? Ai ƙone takardar ya yi ƙurmus! Mu can Wasagu har an sa ma wani kare sunanshi.”

Mai faci yana ɗaga masa hannu, Magdalene tana ƙifta ido, wani yana taka masa ƙafa. Duk a banza, sai ma ƙara tona asiri, domin Saja ya ji yadda wuri ya yi shiru, ya ji motsin riguna.

“Mi ne ne?” in ji Arzika yana waige-waige. “Ba ku gani ba ku? Ko talabijin ɗinku daban take?”

Saja ya juya fuskarsa wajen ƙofar shago. Bai ɗaga murya ba.

“Tela, kana nan?”

“Ina nan, Saja.”

“Ta ƙone?”

“Ta ƙone.”

“Ku duka kun sani?”

Saja ya lalubi sandarsa ya miƙe. Mode ya taho da sauri ya kama masa gwiwar hannu kamar yadda ya saba in za a tsallaka kwalbati, Saja ya zare hannunsa a hankali, ba da fushi ba, kamar mai cire riga daga ƙusa. Ya bi gefen hanya shi kaɗai yana ƙwanƙwasa ƙasa. Arzika ya karɓi wandonsa ya hau babur ya yi gaba.

Asabar ta zo, masu wasa ba su juya komai ba. Aka kori 'yar attajiri daga gidan ubanta, Kofur Labaran da kansa ya buɗe mata ƙofa. Rumfa ta ƙara tsine masa. Litinin ta zo, Mode ya goge kujerar roba ya ajiye ta a wurinta, ya kunna talabijin. Hantsi ya yi, ya wuce. Ya kalli maimaicin shi kaɗai, sai ya kama bakinsa yana motsi, yana faɗa wa kujera cewa Kofur bai ɗaga ido ya kalli yarinyar ba. Ya kashe talabijin ɗin.

Ranar Talata Hannah ta zo karɓar ɗinkin zumuntar mata. Ta gwada ɗankwali, ta duba bakin zane, sannan ta zauna a kan benci, abin da ba ta saba yi ba.

“Malam Mode, ka san abin da ka yi?”

“Na sani, Maman Joel. Na kunyata shi gaban mutane.”

“Kunya ba ta dame shi ba, soja ne, an zage shi iri-iri. Wani abu ne daban. Jiya na ce masa hanya ba komai, ya wuce, sai da ya sa sanda ya share gabansa tukuna. Na ce masa Joel ya turo hoto ya yi ƙiba, ya ce, ya yi ƙiba, ko kin ga ya kamata in ji ya yi ƙiba? Shekara arba'in da ɗaya muna tare bai taɓa tambayata haka ba.” Ta ninke ɗankwalin. “Ba kanka kaɗai ka ɓata ba. Ka sa masa shakka a kan kowa.”

Mode ya rasa inda zai sa idonsa.

“Na ma gwada,” in ji ta. “Na ari wayar maƙwabta mai wasan a ciki, na ce zan riƙa faɗa masa. Ana kai wurin da aka kori yarinyar sai na ji kaina ina ihu, duba, duba, Baban Joel, duba abin da yake yi! Ya ce, Hannah, da zan iya dubawa da ban aure ki don ki duba mini ba.” Ta yi dariya, ta share ido da bakin zane. “Ni ban iya ba. Ka je.”

Bayan la'asar Mode ya rufe shago ya hau tudun da gidan yake. Ya tarar da Saja a tsakar gida kan tabarma, da kwando a gabansa yana ɓarar gyaɗa. Ya yi sallama, aka amsa, ba a ce ya zauna ba. Ya tsuguna daga gefe. Duk jawabin ban haƙurin da ya shirya a hanya ya ga ba shi da amfani. Sai kawai ya gyara murya, irin yadda yake yi ranar Litinin.

“Ya shiga ɗakin gadi ya tura ƙofa da ƙafa. Bai sa sakata ba. Ya zauna bakin gado. Takalminsa a goge yake.”

Hannun Saja ya tsaya a cikin kwando.

“Ya fito da takardar, ya juya ta gaba da baya. Ya sa farce ya ɓare ta.”

“Ya karanta?”

“Ya karanta.”

“Sau nawa?”

Mode ya rufe ido yana dawo da hoton. “Sau biyu. Na biyun da yatsa yake bi, layi-layi.”

“Ci gaba.”

“Ya ɗaga butar shayi. Ya riƙe takardar bisa garwashi, ya daɗe bai saki ba, har wuta ta kama gefenta tana hannunshi. Sai da ta lashe mai yatsa sannan ya saki.”

“Ya sa yatsan a baki?”

“A'a. Ya bar shi haka nan, yana kallonshi.”

Kaza ta zo ta saci gyaɗa, Saja bai kore ta ba.

“Zauna, Tela,” in ji shi. Mode ya zauna. “A Laberiya akwai wani abokina, tare muka shiga soja. An harbe shi a ciki. Kafin ya cika ya sa na rubuta masa takarda zuwa ga matarsa, yana faɗa ina rubutawa, don haka na san abin da ke ciki. Ya faɗa mata yana da ɗa da wata mata a Jos, ta nemo shi ta riƙe. Wata huɗu takardar tana aljihuna. Ba ranar da ban hura wuta na dube ta ba. Matar tana makoki, tana cewa mijinta waliyyi ne. In na ba ta, na kashe mata shi karo na biyu. In na ƙone, wani yaro ya tashi ba uba ba dangi.”

“Ka ba ta?”

“Na ba ta. Ta nemo yaron, ta riƙe shi, yanzu malamin makaranta ne. Amma har ta mutu ba ta ƙara gaishe ni ba, kuma ta cire hoton mijinta daga bango. Ka tambaye ni yau ko na yi daidai, zan ce maka ina tsammani. Tsammani kawai.” Ya murza ɓawon gyaɗa. “Duk Rikoto ba wanda ya san nauyin abin da ke hannun Labaran kamar ni. Ranar da wasan nan ya zo ƙofar gidana, ranar ka ce mini shayi yake dafawa.”

“Na ji tsoron...”

“Na san abin da ka ji tsoro. Ka ga likita ya kashe ni rabi, ka ce kada ɗan fim ya ƙarasa. Na gode da tausayi. Amma ka duba, Tela. Idona da ya mutu bai yi mini ƙarya ba, duhu ya nuna mini, na san duhu ne. Kai kuwa ka nuna mini aljihun hagu. Har na yi ta wa'azi a kansa gindin mangwaro.” Bakinsa ya ɗan motsa, kamar dariya na son fitowa ya hana ta. “An ba ka saƙo ka kawo mini, ka karanta, ka ga bai dace da ni ba, ka tura a wuta. Kai da Kofur sai a ɗaure ku da igiya ɗaya.”

“Awo,” in ji Mode a hankali. “Haka ne. Ka yahe mini, Saja.”

“Tsaya tukuna. Ido in ya yi ciwo sai an gwada shi kafin a koma aiki da shi.” Ya ɗaga murya. “Hannah! Zo ki tsaya nan.”

Hannah ta fito daga madafa da muciya a hannu, ba ɗankwali, don ba ta zaci za a kira ta ba.

“Tela, dubi kan matar nan. Ganina na ƙarshe da shi baƙi ne, da ɗan fari nan wajen kunne. Duk na tambaye ta sai ta ce yana nan yadda na bar shi. Yaya yake?”

Hannah ta zaro wa Mode ido, ta ɗaga muciya tana girgiza masa. Mode ya dube ta, ya dubi Saja. Ya ga cewa yau dole ya ɓata wa ɗaya.

“Ki yi haƙuri, Maman Joel,” ya ce. “Saja, fari ne fat. Kamar audugar da aka kaɗa. Baƙin da ya rage bai cika cokali ba, yana can ƙeya.”

“Malam Mode! Allah ya sa kekenka ya karye!”

Saja ya kwashe da dariya, wannan karon har cikinsa, har kwandon gyaɗa ya kife. “Na sani! Na ji shi a hannuna, ya yi laushi, amma hannu ba ya ganin launi. Shekara bakwai na yi ina noman golmo a gonar ubanta kafin a ba ni ita. Bakwai, Tela, a kan duwatsu! Ashe ba ni da ikon sanin launin kan da na yi wa wahala?” Ya miƙa hannu sama, Hannah ta yi kamar ba za ta zo ba, sannan ta sunkuyo tana gunaguni da yarensu na C'lela, ya dafa kanta. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba. “Fari fat,” ya ce, kamar mai ajiye abu a inda ba zai ɓata ba. “To, yanzu na gan ki.”

Mode ya kawar da kai ya shiga tsince gyaɗar da ta zube.

Da zai tafi, Saja ya ce, “Sharaɗi ɗaya. In abu ya yi maka nauyi a baki, ka ce, Saja, wannan mai nauyi ne, ba ni minti guda. Zan jira. Amma kada ka sake dafa mini shayi.”

Mode ya sauko daga tudun rana tana ja a bayan duwatsu. Ya yi tafiya mai nisa kafin ya lura alhamdu lillahi yake ta maimaitawa. Bai san ko ya cancanta a mayar masa da abin da aka mayar masa ba, kuma har ya isa gida bai warware ko tausayin da ya ji ranar nan laifi ne tun daga tushe, ko kuwa hanya kawai ya ɓata. Abin da ya sani shi ne an karɓi amana daga hannunsa an sake danƙa masa, ga shi Kofur Labaran ko a wasa bai sami haka ba.

Ranar Litinin Hannah ta rako Saja bakin shago, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta wuce ba ta kalli Mode ba, amma ta ajiye masa ƙullin gyaɗa a kan mataccen keke. Magdalene ta leƙo daga wajen kaskonta ta ce, “Saja, yau in ka fito za mu yi. Ni dai na cire shi daga addu'a.”

“Mayar da shi,” in ji Saja. “Mai laifi ake yi wa addu'a. Kuma ba wanda ya san abin da ke cikin takardar tukuna, ke da kika gani da ni da ban gani ba duk ɗaya muke.”

Ya lalubi kujerarsa, ya jingine sanda.

“Tela, a buɗe ido.”

Mode ya matso da benci. Kiɗan farko ya ƙare, hoto ya fito.

“Kofur ne, yana zaune bakin ƙofa. Ya naɗe yatsan da tsumma.”

“Takalmin fa?”

Mode ya duba da kyau, ya ja numfashi.

“Yau bai goge ba, Saja.”

“Hm,” in ji Saja, ya karkato kunne. “Ci gaba.”